Amsar da Kawu Ya Rasu Yana Jira

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawuna, yayan mahaifiyata, a gidansa da ke unguwar Aboabo, bayan jinyar kwana tara. Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma. Kafin La'asar an kai shi makwancinsa. Mu mata muka zauna a tsakar gida kan tabarmi da kujerun roba, maza suka cika rumfar ƙofar gida har suka toshe layin, sai da masu turoturo, motocin haya, suka riƙa zagayawa ta baya.

Ban taɓa ganin makanikai da yawa haka cikin fararen kaya ba. Mutanen Suame Magazin ne, unguwar masu gyaran mota, suka rufe shagunansu suka taho, kowa ya yi wanka ya sha turare, amma in suka ɗaga hannu yin addu'a sai ka ga baƙin mai a ƙarƙashin farce. A cikinsu Kawu ya yi rayuwarsa. Ya fara da gyaran wayarin mota, ya ƙare yana sakataren ƙungiyarsu ta makanikai da masu sayar da kayan mota.

Wani dattijo Ba'asante mai fentin mota, wanda shagonsa ke jikin na Kawu tun ban san kaina ba, ya kutso har wajen mata, hularsa a hannu. Ya tsaya a gabana yana yi mini ta'aziyya da Hausarsa ta Magazin.

"Due o, due. Kai ne wofase ɗin shi, ko? A wajen mu, ɗan 'yar'uwa shi ne yana ci gadon wofa, kawun shi. Kai ka ci gado mai kyau paa. Duk aikin kwamfuta ɗin shi yana hannun ka."

Mata suka ɗan yi dariya cikin hawaye. Na gode masa. Abin da bai sani ba, gadon nan na ci shi tun mai shi yana da rai, ban kuma nemi izininsa ba.

Shugaban ƙungiyar, wanda kowa ke kira Ciyaman, shi ma ya sa aka kira ni bakin ƙofa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Kin sauke mishi nauyi, ya huta kafin ya tafi." Na ce amin. Can kuma wata Hajiya mai shagon fitilun mota, wadda mijinta ya rasu ya bar mata sana'ar, ta bi kowa da gaisuwa mai tsawo. Da ta iso kaina sai ta ce, "Sannu da haƙuri," ta wuce ba ta dube ni ba. Ita ta san abin da na yi, don a gabanta abin ya faru.

Gara in faɗa tun yanzu, kada a ɗauka yabon Kawu kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami. Wata biyar kafin rasuwarsa ya aiko mini da wata buƙata ƙarama a rubuce. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Ya rasu tana nan a ajiye a gabana.

Aikin da muke magana a kai ba shi da wuyar ganewa. Ƙungiyar tana da rajistar mutanenta, amma ba ta takarda ba. Tana kan intanet, abin da mu ma'aikatan kwamfuta ke kira kilawud. Kowane ɗan ƙungiya yana da akawun ɗinsa a ciki: sunansa, kalmar sirrinsa, rukunin da yake, da abin da aka yarje masa ya buɗe. Da shi yake aika imel ga dillalan kaya na ƙasashen waje, da shi yake duba takardun filin shagonsa da na waɗanda ya yaye. Mai riƙe da rajistar shi ake kira admin. Shi ke buɗe wa sabo akawun, ya rufe na wanda ya bar ƙungiya, ya sabunta kalmar sirri ga wanda ya manta. Ni na kafa musu ita a shekarata ta ƙarshe a jami'a. Na sa Kawu admin saboda shi ne sakatare, na sa kaina ta biyu don ko-ta-kwana.

Kada wani ya zaci ni na koya masa kwamfuta. Lokacin da motoci suka fara zuwa da na'ura a cikinsu, tsararrakinsa da yawa suka ce wannan ba tasu ba ce. Shi kuwa ya sayi tsohuwar laftof, gemunsa ya riga ya fara fari, ya zauna yana dannawa da yatsu biyu har ta ba shi haɗin kai. In ya yi kuskure sai ya ce wa na'urar, "Yi haƙuri, ni ne." Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko a gaban manyan mutane ne. In na gyara masa wani abu sai ya ce, "Kun gani? Uwata ta fi ni. Dama haka ya kamata."

Rajistar Kawu abar kallo ce. A zango, unguwarmu ta Hausawa, mutum goma za su iya yin suna ɗaya, sunan uba ma ɗaya. Ni da an bar ni lamba zan ba kowa in huta. Shi ya ce mutum ba taya ba ne da za a san shi da lamba. A gurbin da aka tanada don bayanin ma'aikaci sai ya rubuta ɗan wane ne, da mastan da ya yaye shi. A gurbin lambar ofis kuwa za ka ga "bayan mai waakye", wato mai shinkafa da wake, ko "kusa da masallacin masu walda". Na yi ta ƙorafi cewa ba haka ake yi ba. Ya ce, "To, Uwata, wa ya taɓa ɓacewa a ciki?" Gaskiya kuma ba wanda ya taɓa ɓacewa.

In mutum ya zo ya manta kalmar sirri, sai Kawu ya sa shi a gaba da tsiya tukuna. "Kana tuna lambar kowane noti a injin tifa, amma kalma ɗaya ta gagare ka? Sau uku ke nan wannan watan. Gobe koko da ƙosai na a wuyanka." Sannan ya buɗe masa gurbin, ya tura masa laftof, ya juya bayansa gaba ɗaya ya fuskanci bango har mutumin ya gama rubutawa, kamar yadda ake juya wa mai sa tufafi baya. Wasu su ce, "Masta, ai kai ne, duba mana." Ya ce, "Ba na so in sani. Abin da ban sani ba, ba za a tambaye ni ranar Lahira ba."

Akwai wani babban masta mai gyaran giyar mota, wanda ya yaye mutanen da ba su ƙirguwa, amma bai iya karatun boko ba, kuma ba ya so a sani. Ranar addu'ar uku ya same ni ya faɗa mini da bakinsa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ofis ba kowa, Kawu kan rufe ƙofa su zauna su biyu. Ya karanta masa saƙonninsa, ya rubuta masa amsa. Ya koya masa yadda zai haɗa kalmar sirri da lambobin sifanun da ya fi amfani da su, ya nuna masa inda kowane harafi yake zaune. Shekara huɗu suna haka. "Ko matata bai sani ba," in ji shi, yana goge ido da bakin riga. Ni da nake ganin tarihin duk shiga da fita a rajistar, na sha ganin akawun ɗin nan yana buɗewa duk Juma'a a kwamfutar ofis, na ɗauka sakaci ne irin na Kawu. Har na taɓa rubuta shi cikin jerin abubuwan da zan gyara.

Yana da zafi in aka taɓo amana. Wata shekara aka yi rigima a ƙungiya, wani mai sayar da batura ya zagi shugabanni a taro, aka dakatar da shi. Ciyaman ya zo ofis a fusace ya ce wa Kawu ya shiga akawun ɗin mutumin, a ga da wa da wa yake ƙulla magana. Ina wurin ranar. Kawu ya rufe laftof a hankali ya ce, "Ciyaman, in kun ce in rufe, yanzu zan rufe. Amma shiga, ba zan shiga ba."

"Ai na ƙungiya ne!"

"Na ƙungiya ne. An ba ni mabuɗi don in buɗe wa mai ɗaki, ba don in kwana a gadonsa ba."

Sati biyu ba su gaisa ba sai a sahun sallah. Daga baya Ciyaman ne da kansa ya aiko masa da goro.

Mutumin da na sauke ke nan.

Ga yadda abin ya faru. Na daɗe da sa wa kowane akawun kariya ta biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da kod ɗin da ke zuwa a wayar mai shi. Na kuma rubuta doka cewa ba a sabunta wa kowa kalmar sirri ta waya, sai ya zo da kansa da katin shaida. Kawu ya karanta dokar ya ce ta yi kyau, ya ci gaba da yin yadda ya saba. Shi hanyar tantancewarsa tambaya ce: ɗan wa, wa ya yaye ka, wa ya yi maka waliyyi ranar aurenka. Yana cewa kati ana iya bugawa a kasuwar Kejetia, amma asali ba a buga shi.

Wata Laraba wani ya kira shi da baƙuwar lamba. Ya ce shi ne wane, ɗan ƙungiya mai sayar da injinan mota, yana Lome wajen kaya, an sace masa waya, dillali kuma na jiran amsarsa. Ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi lafiyar matar Kawu, ya tambayi ƙafar Kawu da ke ciwo. Kawu ya yi masa tambayoyinsa uku, ya amsa su tsaf. Muryar ta ɗan bambanta, amma mai kiran ya ce mura ce. Kawu ya sabunta masa kalmar sirri, ya cire kariyar ta biyu tunda wai wayar ta ɓata. Ashe mai akawun ɗin yana nan cikin Magazin, a ƙarƙashin wata mota. Wanda ya kira, ko wane ne shi, a cikinmu ya tashi, don abin da Kawu ke tambaya duk wanda ya girma a zango ya san amsarsa.

Ina ofishin da nake aiki a Adum sai ga gargaɗi ya shigo wayata. Na duba, na ga baƙo ya shiga yana rubuta wa dillalai da sunan mutuminmu. Na rufe akawun ɗin nan take, na kore shi, na aika wa dillalan kada su kula. Ɓarnar ba ta yi nisa ba. Sai na buɗe tarihin na ga da hannun wa aka buɗe ƙofar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sau nawa na faɗa? Na shiga shafin muƙamai, na nemo sunan Kawu, na cire alamar admin daga gabansa. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na kira Ciyaman na gaya masa, ya ce yadda na gani. Kawu kuwa ban kira shi ba. Na ce sai na huce, sai in je gida in yi masa bayani ranar Juma'a.

Ban yi lissafin ranar Alhamis ba. Da safe Hajiyar nan mai fitilu ta zo ofishin ƙungiya, ta manta kalmar sirrinta, ga mutane zaune a benci suna jiran nasu. Kawu ya yi mata tsiyar da ya saba, aka yi dariya. Ya danna, na'ura ta ce ba shi da izini. Ya ce, "Yi haƙuri, ni ne," ya sake. Ta sake ƙi. Sau uku ya gwada, na gani a tarihin daga baya, tsakanin na biyu da na uku minti shida. Ban san abin da ya yi a minti shidan nan ba. Wani da ya iya Turanci ya leƙo ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Ei, Masta, sun cire ka kwaraa." Kawu ya rufe laftof ya ce mata, "Ki je wajen Uwata. Ita ce mai gida yanzu."

Mahaifiyata ce ta fara tare ni da maganar, da na je gaishe ta. Ko zama ban yi ba ta ce, "Me kika yi wa Yaya?"

Na fara bayanin kod da baƙuwar lamba da dillalai. Ta ɗaga mini hannu.

"Ban ce bai yi kuskure ba. Nan garin ko mai sharar masallaci za a sauke, zama ake yi da shi. A je da manya biyu, a kai goro, a gode mishi. Shi da bakinshi zai tashi a taro ya ce na gaji, na miƙa wa wance. Kowa ya san sauke shi aka yi, amma ya fita da hularshi a kai. Ke kuma kin sauke yayana da yatsa ɗaya, kina zaune a Adum."

Na ce, "Mama, in an jira zama, wani zai iya sake kira."

"Wayarki ta mutu ne ranar? Minti biyu ba ki da shi?"

Har yau ina ganin cire shi ɗin daidai ne a aikace. Ko wane ma'aikaci a fanninmu aka tambaya haka zai ce. Amma tambayar Mama ban taɓa samun amsarta ba. Ina da minti biyu. Abin da ba ni da shi ƙarfin halin jin muryarsa ne.

Ranar Juma'a na je gidan Kawu. Na shirya magana tun daga Krofrom, inda nake aure, ina maimaita ta a turoturo. Na same shi a kujerarsa ta ƙofar ɗaki. Ya ce, "Uwata, sannu da zuwa. Ya maigidan? Ya yaran?" Ya kira matarsa, wadda muke ce wa Mma, ya ce a zubo mini tuwo. Ya tambayi aiki, ya tambayi hanya. Na jira ya taɓo zancen, shi ma ƙila ya jira ni. Na ci tuwo na wanke hannu na tafi. Haka muka yi Juma'a bayan Juma'a. Da ma faɗa ya yi mini, da na ji sauƙi.

Na gyara tsarin yadda nake so. Na ƙirƙiro fom a intanet, duk mai buƙata ya cike, in duba in amsa. Matasa suka ji daɗi. Tsofaffi kuwa suka daina zuwa. Wasu suka koma ba 'ya'yansu kalmar sirri, wasu suka bar akawun ɗin gaba ɗaya. Akawun ɗin mastan nan mai gyaran giya ya daina buɗewa ranar Juma'a. Na lura, na ce a raina an rage sakaci ɗaya.

Bayan kamar wata guda sai ga fom ya shigo da sunan Kawu. Ya cike kowane gurbi, har lambar waya, kamar ban san shi ba. A gurbin abin da ake nema ya zaɓi ƙaramin muƙami guda, wanda mai shi ba ya iya komai sai sabunta kalmar sirri ga mutanen rukuni ɗaya. Ya zaɓi rukunin dattawa. Ban ma san ya san da wannan muƙamin ba, ashe ya zauna ya bincika. A gurbin dalili ya rubuta da Turancinsa na makaniki, ga ma'anarsa:

"Tsofaffi suna jin kunyar fom. Ba na neman duka, wannan kaɗai. Ba zan yi wa kowa ta waya ba, sai wanda ya zauna a gabana. Na yi kuskure, na sani."

Na karanta a ofis, na shiga banɗaki na yi kuka. Abin da ya nema ya fi tsarina hankali. Ba shi da haɗari, yana kuma gyara abin da na ɓata. Maɓallin amincewa na nan a gabana. Amma sai na ce a'a, wannan ba maganar dannawa ba ce, da dannawa na yi laifin farko. Zan je da Mama da Ciyaman, a kai goro, a yi yadda ake yi, in ba shi haƙuri a gaban mutane sannan in mayar masa. Niyya mai kyau ce, kuma ita ta cinye ni. Wannan satin Ciyaman ya yi tafiya. Na gaba yaro ba lafiya. Sai azumi ya shigo, na ce bayan Sallah. Bayan Sallah aiki ya yi yawa. Gaskiyar ita ce zaman nan nake tsoro, don a cikinsa dole in buɗe baki in ce na yi wa Kawu rashin kunya, ni kuma na saba a ce na fi kowa sani. Kowace safiya in na buɗe kwamfuta buƙatarsa ce a saman jeri, da alama ruwan ɗorawa mai nuna ana jira. Na koyi yadda zan wuce ta da ido.

Da ya kwanta ciwo ina zuwa kullum da laftof a jaka. Ɗakin ba ya rabuwa da masu dubiya. A kwana na shida na samu mun rage mu biyu, na matsa kusa na ce, "Kawu, maganar fom ɗin nan..."

Ya ɗan motsa hannu. "Bari in tashi, Uwata. Ba maganar kwance ba ce."

Na ji daɗin amsar, Allah ya sani na ji daɗinta, don ta ƙara mini lokaci. Kwana uku bayan nan ya cika.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya sa amanar da ka riƙe wa mutane ta zama haske a kabarinka, ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa wasu. Waɗanda suka san ka a Magazin da zango su ci gaba da sa ka a addu'a, ni ma su haɗa da ni.

Bayan addu'ar bakwai, da la'asar, baƙi sun ragu, ana kwashe kujeru, Mma ta aiko a kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan tabarmar takaba, wayar Kawu a cinyarta, an sa mata caji ta cika. Ta ce in rufe ƙofa.

"Akwai abin da nake so ki duba mini," in ji ta. "Tun idonshi ya fara ba shi wahala, kullum in ya dawo sallar Azahar sai ya miƙo mini waya ya ce, duba mini ko Uwata ta amsa. Ni ban iya Turanci ba. Sai ya nuna mini wajen. Ya ce in ya zama kore, ta amsa."

Ta buɗe da kanta, ba ta yi kuskuren dannawa ko sau ɗaya ba. Ta juyo mini fuskar wayar. Alamar na nan ruwan ɗorawa.

"Ko yana kwance ciwo sai da ya sa na duba. Har yanzu ma in an yi Azahar hannuna sai ya kai." Ta dube ni. "Bai taɓa gaya mini ko mene ne ba. Babban abu ne ya roƙe ki?"

Na ce, "A'a, Mma. Ƙarami ne."

"Yana da wuyar yi ne?"

"Ba shi da wuya."

"Kwana nawa yake ɗauka?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Bai kai minti ɗaya ba."

Ina jin ƙarar kujerun da ake jerawa a waje. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba. Can ta gyara mayafinta ta ce, "To, ki yi in gani."

Duk abin da na koya a aikina ya hana a ba akawun ɗin mamaci muƙami, kuma na san kafin Magariba ni ce zan rufe shi gaba ɗaya. Na ciro wayata, na buɗe jerin, na danna. Wayar Kawu ta yi ƙara a hannunta. Ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka koren yake," in ji ta. Ta kife wayar a kan tabarma, ta ce in buɗe ƙofa, akwai masu jiran gaisuwa.